DARASI: LAMBUN GAYYA DA TUKUNYAR GIDA

 

Ya kai ɗan'uwa matashi na ƙasar Rano da Kibiya, ka sani yunwa ba rana ɗaya take shiga gida ba. Da an gama kaka, samari sai su ɗauki jaka su tafi cin rani. A bar gida da hatsi babu kayan miya, kullum a ɗebi kwano a kai kasuwa don cefane. Kafin tsakiyar damina rumbu ya yi ƙasa. To, ta nan take shigowa.

Alhali kuwa Allah bai hana mu ruwa ba. An kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, lokacin da fari ya gigita Arewa. Ruwanta yana ratsa ƙasar Rano ya nufi Bunkure da Kura da Garun Malam. Inda bai kai ba, akwai fadama da rijiya. Mene ne uzurinka?

Za ka ce ba ka da fili, ba ka da injin ban-ruwa. Gaskiya ne, kai kaɗai ba za ka iya ba. Amma iyayenmu da gayya suka yi noma. Ga yadda za ku yi:

1. Ku haɗu kamar ku goma, ku nemi aron fili ta hannun mai unguwa. A rubuta sharaɗi gaban shaidu, don rigimar gona ba ta tashi sai amfani ya nuna.

2. Ku yi karo-karon kuɗin iri da mai, ku raba kwanakin ban-ruwa. Wanda aka ba ajiya ya ji tsoron Allah, ya karanta lissafi kowace Juma'a.

3. Kada ku cika fili da tumatir zalla. A 2016 tsutsar tumatir ta cinye gonaki a jihar Kano, wanda bai shuka komai ba sai shi ya tashi hannu wayam. Ku haɗa da albasa, tattasai, kuɓewa da rama, ku kewaye da zogale. Alayyahu kuwa kamar wata guda ya isa yanka.

4. Tukunyar gida ita ce farko, kasuwa ta biyo baya. Idan kaya ya yi araha, a yanka a shanya kauɗa, a ajiye wa damina.

5. Ku ware kason marayu da tsofaffin unguwa tun kafin rabo.

Ya ɗan'uwa, duk kwanon dawar da ba a sayar don miya ba, shi ƙanenka zai ci a watan Agusta. Kada ka jira gwamnati. Yau bayan La'asar ka nemi abokanka ku yi maganar.

Allah Ya sa albarka a guminmu, Ya tsare mu daga roƙo da zaman banza. Amin.