TSAWON YINI DA ZAFI: ABIN DA KE SA FURANNIN ADO SU BUƊE

Sau da yawa mai lambu yakan sayi irin furanni da tsada, ya gyara fangali, ya zuba taki, ya yi ta ban ruwa, amma ba ya samun kome sai ganye. Wani kuwa nasa sukan yi fure tun suna ƙanana. Galibi abubuwa biyu ne ke kawo haka, watau tsawon yini da zafi.

TSAWON YINI

A shekarar 1920 masana biyu na Ma'aikatar Gona ta Amurka, Garner da Allard, suka gano cewa tsawon yini ne ke tsai da lokacin furen taba da waken soya. A 1938 Hamner da Bonner suka nuna cewa a haƙiƙa tsawon dare ne tsiro ke aunawa, har ma ɗan haske da tsakar dare yakan ɓata masa lissafi. Manomanmu sun san alamar wannan: dawar gargajiya, ko da wuri aka shuka ta ko a makare, sai ƙarshen damina take fid da kai.

Furannin ado sun kasu uku:

1. Masu son dogon dare, kamar kirisantimum da kosmos da ziniya.
2. Masu son dogon yini, kamar fetuniya.
3. Waɗanda ba ruwansu da tsawon yini, kamar binka.

A London yini bai kai awa 8 ba a Disamba, amma yakan haura awa 16 a Yuni. A Kano kuwa tsakanin awa 11 da 13 yake duk shekara. Saboda haka a ƙasarmu kashi na farko sukan yi fure da gaggawa tun ba su yi tsawo ba, na biyu kuma su yi jinkiri.

ZAFI

Ɗumi yana gaggauta fure, amma da iyaka. In zafi ya wuce kima, furen yakan ƙanƙance, launinsa ya kode. Kirisantimum ma yakan jinkirta toho in dare ya yi zafi. Shi ya sa furannin ƙasashen sanyi suka fi yin kyau a Jos, wadda ke bisa tudu mai kimanin mita 1,200.

ABIN DA YA KAMATA A YI

A karanta bayanin da ke jikin takardar iri kafin a biya kuɗi. Masu son sanyi a dasa su a farkon hunturu, domin su yi fure kafin bazara. Kada a dasa kirisantimum ƙarƙashin fitilar titi, gama haskenta zai hana shi fure. Wanda ke son kosmos ya yi tsawo tukuna, ko fetuniya ta yi fure da wuri, sai ya kunna musu fitilar lantarki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 2. Ga kosmos, a daina kunnawa da zarar ya kai tsawon da ake so.

Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa.