Man Giya da Kukan Aksul ɗin Mota

Akwai wani tsohon gari a jihar Bajiniya ta Amurka, sunansa Iskandariya, kamar na Masar. Yana bakin kogin Fotomak, wajen kilomita 11 kudu da birnin Washinton. Ƙarshen babban titinsa, watau King Street, ya gangara har bakin ruwa, saboda haka in kogi ya cika yakan hau kan titin. A watan Satumba na 2003, sa'ad da guguwar Isabel ta auku, ruwa ya mamaye wannan unguwa, ya shiga kantuna da gidaje. Motar da ta ratsa irin wannan ruwa takan fito lafiya a ido, injinta yana aiki sumul, amma ta kwaso wata cuta a ƙarƙashinta wadda ba za ta bayyana ba sai bayan makonni.

Cutar tana cikin wata tukunyar ƙarfe da ke tsakanin tayoyin baya, wadda makanikai ke kira difaranshal, waɗansu kuwa su ce aksul kawai. Ga amfaninta. In mota ta sha kwana, tayar da ke waje ta fi ta ciki nisan tafiya. In tsakanin tayoyin mita ɗaya da rabi ne, motar kuma ta yi kewaye guda cikakke, tayar waje za ta fi 'yar'uwarta tafiya da fiye da mita 9. Da a ce sanda ɗaya ce ta ɗaure su, da dole ɗaya ta riƙa jan ƙasa. To, difaranshal shi ke karɓar ƙarfin inji daga farfela, ya raba wa tayoyin biyu, ya kuma bar kowace ta juya gwargwadon tafiyarta. A motocin da ke ja da tayoyin gaba, kamar Golf, yana haɗe ne cikin akwatin giya.

A cikin tukunyar akwai ƙaramin giya mai juya wani babba mai kama da faifai. Tun 1926, da kamfanin Packard ya fara sa wa motocinsa irin giyan da ake kira haifoyid, aka riƙa saukar da ƙaramin ƙasa da tsakiyar babban, domin a sami damar rage tsayin mota. Amma wannan dabara ta zo da nata nauyi. Haƙoran ba birgima kaɗai suke yi a kan juna ba, har da goga, kamar wuƙa a kan dutsen wasawa, ga kuma matsi mai tsanani. Baƙin mai na inji ba ya iya tsayawa a tsakaninsu. Matsin yakan kore shi, ƙarfe ya ci ƙarfe.

Domin haka ne ake zuba wa man giya magungunan farar wuta da fosfaras. In wuri ya yi zafi, sai su haɗu da fuskar ƙarfen su yi mata wata 'yar fata, ita ce ke cinyewa maimakon haƙorin. Warin nan mai hawa kai da ake ji in an buɗe galan, na farar wutar ne, ba alamar lalacewa ba ne.

Mai sayen man giya zai ga rubutu iri biyu a jikin galan. Na fari shi ne GL-4 ko GL-5, ma'aunin da Ƙungiyar Man Fetur ta Amurka, API, mai hedkwata a Washinton, ta tsara. GL-5 ya fi yawan maganin, shi ne na aksul mai giyan haifoyid. GL-4 kuwa galibi na akwatin giyan hannu ne, inda akwai zobban tagulla masu daidaita shigar giya, waɗanda ba kowane GL-5 ne ke zama lafiya da su ba. Kada a ɗauka biyar ta fi huɗu a ko'ina. Kowanne da wurinsa.

Na biyu shi ne kauri, kamar 75W-90, ko 80W-90, ko 85W-140. Lambar da ke tare da W tana nuna yadda man ke gudana cikin sanyi, ta biyun kuma kaurinsa in ya yi zafi. A Iskandariya, inda ruwa ke daskarewa a watan Janairu, lambar farko abin lura ce ƙwarai, gama man da ya sandare da asuba ba ya isa boris da wuri. A Sakkwato ko Maraɗi, inda zafin Afrilu ke wuce digiri 40, ga lodi fiye da kima, ta biyun ce ta fi muhimmanci. Lambar 90 takan ruɗi mutane, alhali kuwa kaurinta bai wuce na baƙin mai mai lamba 40 ko 50 ba, ma'aunin ne dabam. Littafin mota shi ne alƙali a nan, ba mai kanti ba. Akwai kuma aksul mai faranti a ciki, wanda ke hana taya ɗaya juyawa a banza cikin taɓo. Shi yana bukatar ƙarin wani magani, in babu sai ya riƙa kakkarwa a kwana.

Ruwa fa, ta ina yake shiga? A saman tukunyar akwai 'yar ƙofar numfashi. In aksul mai zafi ya nutse cikin ruwan sanyi, iskar da ke ciki takan tsuke, ta zuƙo ruwa ta wannan ƙofa ko ta bakin sil. Direban da ke ratsa rafi da damina a hanyar ƙauye, shi da wanda ya bi King Street ran ambaliya, jirgi ɗaya ya ɗauko su. Man da ya sha ruwa yakan koma fari-fari, kamar shayi da madara, sa'an nan tsatsa ta kama boris.

Aksul ba ya mutuwa bai yi kuka ba, sai dai a rasa mai saurare. In ana jin wani siririn kuka da ke tashi sa'ad da aka taka totur, ya ɓace ko ya sake murya in an ɗaga ƙafa, to, haƙoran manyan giyan biyu sun ci, ko zamansu ya goce. In kukan ya fi fitowa lokacin da aka saki totur, a tuhumi boris na ƙaramin giyan. Gurnani kuwa wanda ke ƙaruwa in an karkata hagu, ya ragu in an karkata dama, sau da yawa na boris ɗin taya ne, aksul ba shi da laifi, kuma an sha kwance shi a banza saboda wannan. Haka nan ƙarar da ke sakewa in an sauka daga kwalta zuwa burji, ta taya ce. Ƙwanƙwasa a kwana kaɗai tana nuna ƙananan giyan tsakiya. Bugu guda lokacin tashi, a fara duba mahaɗin farfela tukuna.

Wajen duba man, a tsai da mota a wuri mai daidai, a fara kwance murfin zubawa kafin na tsiyayewa, domin kada a zubar da tsohon mai sa'an nan a tarar na sama ya ƙi buɗuwa. A yawancin motoci man yakan kai leɓen ramin zubawa. Murfin tsiyayewa sau da yawa yana da maganaɗisu. In an ga laushin gari mai toka-toka a jikinsa, wannan cin yau da kullum ne. In kuwa ɓarɓashi ne da yatsa ke ji, sabon mai ba zai mai da haƙorin da ya ɓalle ba, mai kauri ma sai dai ya rage ƙarar na ɗan lokaci. Sai a kwance tukunyar, a sake giyan biyu tare, gama tun a masana'anta aka wasa su da juna, ba a sake ɗaya a bar ɗaya.