Darasin Juma'a: Yaushe Mutum Ke Sanin Darajar Tarihi?



Darasin wannan mako ya taso ne daga abin da ya same mu a watan jiya, kuma da yawanku kun ji labarinsa. Kwamitin masallaci ya yanke shawarar zagaye filin alwala da katanga. Da magina suka fara haƙa, sai wani saurayi daga gidan da suka ba iyayenmu wannan fili ya zo cikin ladabi ya ce mun wuce iyaka. Ya ce kakansa ya ba da filin ne zuwa gindin mangwaro, mu kuma mun zarce da kamar taku shida. Muka buɗe akwatin takardun masallaci. Akwai rasit na siminti, akwai littafin kuɗin Juma'a, amma babu ko layi ɗaya da ya faɗi wanda ya ba da filin, ko shekarar, ko inda ya tsaya. Mutum ɗaya da ya san wannan duka shi ne tsohon ladaninmu, Allah ya jiƙansa, wanda muka yi wa sutura bara. Shekara da shekaru muna zaune da shi bayan Magariba, muna hirar farashin masara da doya, ba wanda ya taɓa ce masa, "Baba, yaya aka yi aka kafa masallacin nan?"

Ranar ce muka gane cewa tarihi yana da amfani. To, da muka duba, sai muka ga ba mu ne farau ba. Galibi mutane kan farka ne a ɗayan lokuta uku.

Lokaci na farko shi ne idan masu sani suka fara mutuwa. A zamanin halifancin Sayyidina Abubakar, Allah ya ƙara masa yarda, an yi yaƙin Yamama, inda mahaddata Alƙur'ani da yawa suka yi shahada. Sayyidina Umar ne ya hango haɗarin, ya ba da shawarar a tattara Alƙur'ani wuri ɗaya a rubuce kafin sauran su tafi. Aka ɗora wa Zaidu ɗan Sabit aikin. Ku lura, ba su jira sai mahaddaci na ƙarshe ya rasu ba. Mu kuwa sai da muka binne namu muka tuna da tambaya.

Lokaci na biyu shi ne idan haƙƙi ya shiga tsakani. Wannan 'yan kasuwa za su fi kowa fahimta. Malaman tarihi sun kawo cewa an kai wa Sayyidina Umar wata takardar bashi da ta ce za a biya a watan Sha'aban. Ya tambaya wane Sha'aban ake nufi, na bana, ko na bara, ko na baɗi. Ba wanda ya iya amsawa, domin a lokacin Musulmi ba su da lissafin shekaru da kowa ya yarda da shi. Ya tara sahabbai aka yi shawara, aka tsayar da hijirar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, daga Makka zuwa Madina a shekarar 622 ta Miladiyya, ta zama farkon lissafi, Muharram kuma watan farko. Kalmar tarihi kanta daga Larabci muka aro ta, asalin ma'anarta kuwa sanya wa abu kwanan wata. Abin lura a gare mu da muka baro gida: ƙaura ce aka zaɓa ta zama mafarin ƙidaya.

Lokaci na uku shi ne idan aka tambaye ka, kai wane ne, daga ina ka fito. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan suna shan wannan tambaya a makaranta da wajen cike takarda. A nan ana ce musu 'yan Arewa, in sun je Katsina ko Maraɗi hutun Sallah a ce musu 'yan Abuja. Yaron da bai san sunan kakan babansa ba, bai san unguwar da aka haifi uwarsa ba, me zai amsa? Ba laifinsa ba ne kaɗai. An cire darasin tarihi daga ƙananan makarantun ƙasar nan na tsawon shekaru, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta sanar da dawo da shi. Da yawanmu mun gama sakandare ba mu san labarin ƙasar da muke takawa kullum ba.

Ga kaɗan daga cikin labarin. Duk wanda ke zuwa kasuwar Zuba ko ya bi ta gindin Dutsen Zuma zuwa Suleja, yana bin sawun wata tsohuwar ƙaura ce. A farkon ƙarni na 19, lokacin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, mulkin Zariya ya sauya hannu. Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya fita da jama'arsa ya yiwo kudu, har ya sauka a Zuba, ƙasar Koro. Makau ya rasu a wajen yaƙi a Lapai a 1825. Ɗan'uwansa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja saboda hasken fatarsa, ya gaje shi, kuma a 1828 ya kafa gari da aka sa wa sunansa, wato Abuja. Shi ya sa har yau ake kiran sarkin can Sarkin Zazzau Suleja.

A ranar 3 ga Fabrairu 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yi dokar kafa sabon Babban Birnin Tarayya a wannan yanki. Sabon birnin ya ɗauki sunan Abuja, tsohon garin kuma ya koma Suleja, daga sunan sarkin lokacin, Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. Gwamnati ba ta taso daga Legas gaba ɗaya ba sai 12 ga Disamba 1991. Yaya aka yi muka san labarin Makau da Abu Ja dalla-dalla? Saboda mutum biyu 'yan garin, Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi, sun zauna sun rubuta abin da dattawa suka riƙe, aka buga shi a 1952. Da sun ce sai gobe, da yau sunan Abuja yana bakin duniya amma ba wanda ya san mai sunan.

Sai dai a nan akwai gargaɗi, kuma muna roƙon matasa su saurara da kyau. Kada wani ya ji wannan labari ya fita yana cewa ashe Abuja tamu ce. Tarihin da ya gaya mana Makau ya zo, shi ne ya gaya mana ya tarar da mutane a wurin. Gbagyi, waɗanda muka saba kira Gwari, da Koro da Gade da Bassa da Gwandara suna nan da gonakinsu da kaburburan kakanninsu. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, 'yar Gbagyi ce daga Kwali, nan kusa da mu, kuma tukwanenta sun kai har Ingila da Amurka. Wasu daga cikin waɗannan al'ummu an tashe su daga ƙauyukansu don a gina birnin da muke cin abinci a cikinsa. Wanda ya san wannan zai iya zama da maƙwabcinsa, zai san yadda zai gaishe shi da abin da bai kamata ya faɗa masa ba.

Mu koma kan katangarmu. Da muka rasa takarda, sai wani daga cikin iyayenmu ya ce a je a tambayi iya, matar marigayi ladan. Muka same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta ce ita ce ta dafa abincin da aka kai wa mai filin ranar da aka yi maganar, da damina ne, shekarar da Abacha ya rasu, wato 1998. Ta ce an tsaya ne a gindin mangwaro, mijinta ma ya kafa dutse a wurin. Muka je muka tona, ga dutse. Saurayin nan shi ke da gaskiya. Muka janye tushen katangar, muka je gidansu muka ba da haƙuri, suka karɓe mu hannu biyu. Da mun bi son zuciya, da yanzu muna salla a kan taku shida na haƙƙin wani, da zumuncin shekaru ya lalace. Kun ga tarihi ba kullum yake goyon bayanka ba, amma yakan tsare ka daga cin haram. Kuma ku lura a bakin wa muka same shi: tsohuwar da ba mu taɓa gayyata zaman kwamiti ba.

Saboda haka kwamiti ya tsayar da abubuwa uku. Na ɗaya, mun rubuta iyakar filin da shekarar, dattawan ɓangarorin biyu sun sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Na biyu, mun sayi babban littafi na masallaci. Daga wannan Lahadi, bayan La'asar, za mu riƙa zama da dattijo ɗaya kowane mako, mu ɗauki muryarsa a waya, mu rubuta. 'Yan'uwa mata na Islamiyya za su yi haka da iyayenmu mata a gidajensu. Na uku, aikin gida ne ga kowane magidanci. Kafin Juma'a mai zuwa, ka zaunar da 'ya'yanka ka gaya musu sunan mahaifinka da kakanka, garinku da unguwarku, shekarar da ka zo Paikon Kore, sana'ar da ka fara da ita, da sunan wanda ya fara ba ka masauki. Wannan na ƙarshe kada a manta da shi, don yaro ya san gidan da ake bin mu bashin alheri. In mahaifinka ko mahaifiyarka suna raye a gida, kira su yau, kada ka ce sai ka je Sallah. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya, to amma sai da wanda za a tambaya ake waiwayen.

Wanda ke da tsohon hoto, ko wasiƙa, ko takardar sayen rumfa, ya kawo wa sakatare bayan salla. Za mu ɗauki hotonta mu mayar masa da abinsa a take.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya saka wa waɗanda suka ba mu masauki da alheri, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ya sa albarka a kasuwanninmu. Amin.

Wassalamu alaikum.
Sakataren Masallaci