DARASIN KIWO: CIWON SUGA A JIKIN KARE DA KYANWA

A unguwannin Kaduna irin su Kawo, Malali da Unguwar Rimi, gidaje da yawa suna ajiye kare don gadi. A ƙauye kuwa, kare yana farauta, kyanwa tana tsare rumbu daga ɓeraye. Su ma sukan kamu da ciwon suga kamar mutane.

Mene ne sanadinsa?

A jikin dabba akwai wani sinadari mai suna insulin. Shi ne yake shigar da sugan abinci cikin tsoka don ta sami ƙarfi. In ya yi ƙaranci, sai suga ya taru a jini, ya riƙa fita ta fitsari. Ciwon ya fi kama karya mai shekaru da kyanwa mai ƙiba. Da karnuka ma aka yi gwajin da ya kai ga gano insulin a ƙasar Kanada a 1921.

Alamomi

1. Yawan shan ruwa.
2. Yawan fitsari. Wani lokaci kiyashi yakan taru a wurin.
3. Cin abinci da yawa, amma ana ta ramewa.
4. Yana a idon kare, har ya makance.

Wasu sukan ɗauka tsutsar ciki ce. Sai su yi ta ɗura magani, dabba tana ƙara lalacewa har ta mutu.

Abin yi

A kai dabbar wurin likitan dabbobi a Kaduna. Zai auna jininta da fitsarinta. In abin ya yi tsanani, akwai Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Maganin shi ne allurar insulin, galibi sau 2 a rana. A ajiye ta a firji. A ba da abinci a kan lokaci. Kada a ba dabba ƙwayar ciwon suga ta mutane. In ta hau karkarwa bayan allura, a shafa mata zuma a dasashi, a garzaya asibiti.

Kare yakan sha allura har ƙarshen ransa. Kyanwa kuwa takan warware in an fara da wuri. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin insulin?
2. Kawo alamomi 3 na ciwon suga.
3. Me likita yake aunawa?