Sababbin Taragai, Tsohon Dogo: Jirgin Ƙasa a Tsibirin Kyuba

Ran nan malaminmu na labarin ƙasa ya tambaye mu, wace ƙasa ce ta riga samun jirgin ƙasa, Sifen ko Kyuba? Duk muka ce Sifen, tunda ita ce ta mulki Kyuba. Ashe mun faɗi. Wannan ya sa na bi diddigin maganar, ga kuma abin da na samo.

Kyuba tsibiri ce doguwa siririya a kudu da Amurka. A 1837 aka buɗe layin dogonta na farko, daga Havana babban birninta zuwa garin Bejucal, tafiyar wajen kilomita 27. Sifen kuwa sai 1848 ta sami nata. Mu nan Kano jirgi bai iso mana ba sai 1911, watau sun riga mu da shekara 74. Ba don fasinja aka yi gaggawar nan ba, don rake ne. Masu gonaki na son kai sukari bakin teku, ga shi da damina keken shanu sai ya kafe a laka.

To, amma abu ya tsufa. Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasar takunkumin ciniki tun farkon shekarun 1960, a 1991 kuma Tarayyar Sobiyet, wadda ke ba ta mai da kayan gyara, ta rushe. Sai aka koma sayen taragan kwance, har da waɗansu daga Faransa a 2001. Fasinja kan kwana a tasha bai san ran zuwan jirgi ba.

A 2019 aka kawo sababbin taragai 80 daga ƙasar Sin, na farko ke nan cikin shekara fiye da 40. Masu daraja ta ɗaya na da na'urar sanyaya ɗaki, na biyu kuwa fanka, ga taragon sayar da abinci. A watan Yuli suka fara jigila tsakanin Havana da Santiago de Cuba, can gabas, tafiyar fiye da kilomita 800.

Sai dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne lissafin da na yi a bayan littafina. Tafiyar nan takan ci wajen awa 15, watau gudun jirgin bai kai kilomita 60 a awa ba. Laifin ba na taragan ba ne. Tarago ba ya jan kansa, kan jirgi ke jansa, shi kuma ba ya gudu sai yadda dogo ya yarda. In ƙarfe ya zaizaye, tankararsa ta ruɓe, gada ta yi rauni, tilas direba ya bi a hankali, in ba haka ba ya kifar da bayin Allah. A ganina da dogon ya kamata a fara, ko da yake na san babu mai zuwa kallon tankara a yi masa hoto.

Wata biyu kacal da fara aikin, a Satumba 2019, ƙarancin man dizal ya auka wa ƙasar, har aka rage zirga-zirgar jirage da motocin haya.