Idan Yaro Ya Kwana Uku Bai Runtsa Ba

Wata uwa ta rubuto mini cewa ɗanta ya rame, ba ya ci, ba ya barci, kullum yana leƙen taga wai ana bin sa. An yi ta ruƙiya ba sauƙi, sai daga baya ta tsinci ƙullin leda a aljihunsa da wani abu mai ƙyalli kamar gishiri.

Hajiya, wannan shi ne abin da yara ke kira ais, likitoci kuma methamphetamine. Ba ganye ba ne, haɗa shi ake yi da sinadarai. Wani masani a Japan ya fara haɗa shi a 1893, Jamus kuma ta riƙa raba wa sojojinta da sunan Pervitin a yaƙin duniya na biyu don kada su yi gyangyaɗi. Yau ba sai an shigo da shi ba: tun 2011 hukumar NDLEA ta gano wurin dafa shi a Legas, a 2016 ta sake kama wani babba a Asaba. Mallakarsa kaɗai na iya kai mutum gidan yari.

Aikinsa a ƙwaƙwalwa ne. Akwai sinadarin jin daɗi, dopamine, da jiki ke saki kaɗan-kaɗan. Ais yakan ɓalle masa ƙofa gaba ɗaya. Mutum ya yini ya kwana yana jin ya fi kowa ƙarfi, zuciya na bugawa, jini na hawa, baki ya bushe har haƙora su fara lalacewa. In ya sake shi kuwa, sai kasala da baƙin ciki, har wani ya yi tunanin kashe kansa. Zargin da kike gani da jin muryoyi, ƙwayar ce da rashin barci suka haɗu.

Don Allah kada a ɗaure shi da mari, kada a yi masa taron dangi. Lokacin da yake cikin maye a bar musu da shi, a kau da wuƙa da makullin babur. In jikinsa ya yi zafi rau, ko ƙirji na ciwo, ko ya fara jijjiga, asibiti nan take.

Har yanzu babu allura ko ƙwayar da ke cire sha'awarsa. Abin da ke aiki shi ne zama da likitan ƙwaƙwalwa na tsawon watanni, da raba shi da abokan shan. Akwai asibitocin Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato. Ki ci gaba da addu'a, Hajiya, amma ki kai shi cikin makon nan.