Lambobin Yabo na Soja: Yadda Za a Rarrabe Su

A gidaje da dama cikin birnin Katsina da ƙasashen hakimai akwai lambobin soja a ajiye cikin adaka, waɗanda iyaye da kakanni suka komo da su daga Yaƙin Duniya na Biyu, na 1939 zuwa 1945. Yawancin masu su sun riga mu gidan gaskiya, lambobin sun faɗa hannun magada waɗanda ba su san ma'anarsu ba. Saboda haka ya kamata Hakimai da malamansu su iya rarrabe su.

Abin da za a fara sani shi ne, lambobin iri biyu ne: akwai ta halartar yaƙi, akwai ta jaruntaka.

Lambar halartar yaƙi

Wannan kowane sojan da ya yi aiki a wani fagen fama cikin lokacin da aka ƙayyade ana ba shi. Tauraron Afirka na waɗanda suka yi yaƙi a Habasha da Somaliya da Afirka ta Arewa ne, tsakanin 1940 da 1943. Ƙyallensa launin rairayi ne, da jan ratsi a tsakiya. Tauraron Bama kuwa na waɗanda suka yi yaƙin Bama ne, tsakanin Disamba 1941 da Satumba 1945. Ƙyallensa ja ne a tsakiya, gefunansa shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo. Mutanenmu na Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun sami wannan, su ne suka yi fama da Japan a kwarin Kaladan, suka shiga Myohaung a Janairu 1945. Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya hau gadon sarauta a 1944, ya tafi har Bama ya gana da su.

Lambar jaruntaka

Ita wannan mutum ɗaya a kan ba, saboda wani aikin bajinta da ya yi a gaban abokan gaba. Sai hafsansa ya rubuta abin da ya faru, manya su bincika, kana a tabbatar. Mafi girma a zamanin Ingilishi ita ce Victoria Cross, wadda aka kafa a 1856. Ga farabiti da kofur da saje akwai D.C.M. ta 1854, mai jan ƙyalle da shuɗi a tsakiya, da M.M. ta 1916, mai shuɗin ƙyalle da ratsi fari uku, ja biyu. Mai irin wannan yana da ikon rubuta haruffanta bayan sunansa.

Misali shi ne Sajemanje Chari Maigumeri, mutumin Barno. Da fari sojan Jamus ne a Kamaru, har suka ba shi lambarsu ta Iron Cross. Daga baya ya shiga Rundunar Nijeriya, ya sami M.M. a yaƙin Habasha, ya kuma je Bama. Ya bar aiki a 1953 da muƙamin kyaftin na girmamawa, aka kuma sa wa barikin soja na Lakwaja sunansa.

Bayan samun mulkin kai, Nijeriya ta yi dokar lambobinta a 1964, ta kafa nata na jaruntaka, babba daga cikinsu Tauraron Nijeriya.

Abin da a ke so malami ya yi

1. In an kawo lamba, a duba bakinta. A kan D.C.M. da M.M. a kan zana lambar soja da muƙaminsa da sunansa da rundunarsa. Taurarin yaƙin 1939 kuwa galibi ba suna a jikinsu, sai takardar sallama ce shaidarsu.

2. A rubuta abin da aka gani cikin littafi, harafi bayan harafi, tare da sunan gidan da unguwar. A lura, soja da yawa an rubuta su da sunan garinsu maimakon na mahaifi, don haka a tambayi dattawa a haɗa sunayen biyu.

3. Kada a goge lamba da toka ko yashi, gama rubutun zai shafe. Kada kuma a raba ta da ƙyallenta.

4. Wajen rabon gado, a shawarci magada su bar lambobin mutum ɗaya tare da takardunsa a hannun mutum guda. In an sayar wa dillali ko maƙeri, kuɗin kaɗan ne, shaidar kuwa ta tafi har abada.

5. In akwai shakka, a tuntuɓi ofishin Ƙungiyar Tsofaffin Sojoji.

Ranar 15 ga Janairu ta kowace shekara ita ce ranar tunawa da mazan jiya. Hakimin da ke da wannan littafi a hannu, ran nan zai iya kiran sunayen mutanen ƙasarsa ɗaya ɗaya, a yi musu addu'a. Allah ya jiƙansu, amin.